Filin Tambaya da Amsa: Manhajar Hira da Masu Fama da Larurar Cin Abinci

Tun bayan bayanin da muka yi a kan larurorin cin abinci a fitowar da ta gabata, wasiƙu suka yi ta shigowa, kuma da yawa daga cikinsu sun haɗu a kan abu guda: masu su sun riga sun kai kukansu ga manhajojin hira na ƙirƙirarriyar basira, irin waɗanda ake rubuta wa magana su mayar da amsa tamkar mutum, tun kafin su buɗe baki ga wani ɗan'adam. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai wasiƙa.

TAMBAYA: Likita, ni ɗaliba ce a jami'a, shekaruna 21. Shekara biyu ke nan ina wuni ban ci komai ba, idan dare ya yi kuma sai in ci abinci mai yawa har in kasa tsayar da kaina, daga nan in shiga banɗaki in amayar. Babu wanda ya sani, har ƙawata da muke ɗaki ɗaya. Wata huɗu da suka wuce na fara faɗa wa wata manhajar hira, kuma ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Duk lokacin da muka gama hira ina jin sanyi a raina. Laifi ne? Kuma zan iya warkewa da ita kaɗai, ba sai kowa ya ji ba?
Ɗaliba, daga Zariya

AMSA: 'Yata, ba ki yi laifi ba, kuma sanyin da kike ji na gaske ne. Wanda ya shekara biyu yana dakon magana a cikinsa, ranar da ya fara furta ta, ko da a takarda ne, sai ya ji kamar an sauke masa kaya. Manhajar ba ta barci, ba ta zaro ido, ba ta kuma kai labari gida, don haka ban yi mamakin da ita kika fara ba. Abin da kika bayyana ya yi kama ƙwarai da ciwon da ake kira bulimiya, wanda wani likitan ƙwaƙwalwa na Ingila, Gerald Russell, ya fara siffantawa a matsayin ciwo mai zaman kansa a shekarar 1979. Kada ki ɗauke shi kwaɗayi ko rashin tarbiyya. Yunwar da kike ɗora wa jikinki da rana ita ce take haifar da cin da ba ki iya tsayarwa da dare, kunya da tsoron ƙiba su tura ki banɗaki, gari ya waye ki sake ɗaura niyyar ƙin cin komai, sai a koma gidan jiya.

Tambayarki ta biyu ce take buƙatar dogon bayani, kuma zan fara da abin da yake goyon bayanki don kada ki ce na yi son kai. A watan Maris na 2025 masu bincike na Kwalejin Dartmouth da ke Amurka sun wallafa sakamakon gwajin wata manhaja da suka ƙera mai suna Therabot. Manya 210 ne suka shiga gwajin, aka ba 106 manhajar, sauran aka bar su a layin jira. A cikin waɗanda suke cikin haɗarin kamuwa da larurar cin abinci, damuwar da suke yi da siffar jikinsu da nauyinsu ta ragu da kashi 19 cikin 100. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai manhajar ta ɗauki shekaru a hannun likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan'adam kafin a gwada ta, akwai ƙwararru da suke bibiyar hirarrakin don su shiga tsakani idan abu ya taso, kuma da waɗanda ba a ba komai ba aka kwatanta ta, ba da waɗanda suke ganin likita ba. Abin da aka auna kuma raguwar damuwa ne. Manhajar da ke wayarki an yi ta ne don amsa kowace irin tambaya, daga girki har lissafi, kuma babu wani likita a bayanta da yake karanta abin da kika rubuta da ƙarfe biyun dare.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, ita kuwa manhaja ba ta ganin fuska. Da kin zauna a gabana, kafin ki gama magana zan dubi gefen kumatunki ko sun kumbura, in dubi haƙoranki ko tsamin ciki ya fara cinye su, in ji bugun zuciyarki, sannan in tura ki gwajin jini. Yawan amai yana zubar da wani sinadari mai suna fotasiyam, wanda zuciya take dogara da shi wajen bugawa daidai, kuma idan ya yi ƙasa sosai zuciya tana iya rikicewa har ta tsaya, alhali mutum yana yawonsa, jikinsa a ido kamar na kowa. Mafi yawan masu bulimiya ba su rame ba, shi ya sa ake daɗewa ba a gane su ba. Babu hirar da za ta iya auna wannan sinadari, komai daɗinta.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarshen wasiƙarki, inda kika ce "ba sai kowa ya ji ba". Wannan ciwo da ɓoyo yake rayuwa, kuma duk abin da ya sauƙaƙa miki ɓoyon, ya sauƙaƙa wa ciwon zama. Ina jin tsoron kada manhajar ta riƙa ba ki ɗan sauƙin da zai ishe ki ki ƙara wata guda ba ki faɗa wa kowa ba, wata ya zama shekara. Ki yi wa kanki tambaya ɗaya tsakani da Allah: a cikin wata huɗun nan, aman ne ya ragu, ko kuwa kaɗaicin ne kawai ya ragu?

Ban ce ki goge ta ba. Ki sa ta aikin da ta iya. Ki ce ta taya ki tsara jimla uku da za ki faɗa wa likita ko wata babba da kika yarda da ita, ki maimaita su har bakinki ya saba, idan kuma ranar ta zo harshe ya yi nauyi, ki miƙa wayar a karanta. Idan abin ya motsa miki da dare, kina iya hira da ita a kan abin da ya ɓata miki rai a wunin, domin irin wannan yunƙuri yana tashi ne ya kuma lafa idan aka ba shi lokaci. Abin da ban yarda ki tambaye ta ba shi ne lissafin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki), nauyin da ya kamata ki kai, hanyar rage ƙiba, ko ra'ayinta a kan hotonki.

Maganin da aka fi samun nasara da shi ga manya masu wannan ciwo magani ne na zama da ƙwararre ana gyara tunani da ɗabi'a, irin tsarin da Farfesa Christopher Fairburn na Jami'ar Oxford ya inganta, wanda yakan ɗauki zama 20 a cikin kimanin mako 20. Matakinsa na farko zai ba ki mamaki: cin abinci sau uku a rana tare da ɗan abin taɓawa a tsakani, kada a bar ciki ya wuce awa uku zuwa huɗu babu komai. Ki fara da asibitin makarantarku, ki nemi gwajin sinadaran jini, ki kuma roƙi a tura ki sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ki faɗi sau nawa kike amai a mako, ki faɗi idan kina shan maganin wankin ciki. Idan kuwa kika ji zuciyarki tana tsalle, ko kika suma, ko kika ga jini a amai, ko tunanin kashe kanki ya zo miki, wannan na sashen gaggawa ne a ranar, ba na jiran ƙarshen zango ba.

TAMBAYA: Likita, muna zaune a Ingila. 'Yata mai shekara 15 ta rame ƙwarai cikin wata shida, al'adarta ta ɗauke, kullum tana cikin rigar sanyi, idan an zuba abinci sai ta ce ta ci a makaranta. Na duba wayarta na tarar kullum tana lissafa wa wata manhaja abin da ta ci, manhajar tana yaba mata wai tana da juriya. Da ta ce mata abincin gidanmu mai ya yi masa yawa, sai ta ba ta shawarar abin da za ta rage. Mahaifinta ya ce a ƙwace wayar a tsare ta da abinci har sai ta cinye. Yaya zan yi?
Uwa, daga Manchester

AMSA: Hajiya, Allah ya ba ta lafiya, ya kuma ba ku haƙuri. Maganar waya za ta iya jira kwana biyu, maganar jikinta ce ba za ta jira ba. Ramewa da sauri, ɗaukewar al'ada, jin sanyi da ɓoye cin abinci alamu ne na anoreksiya, wato ciwon hana kai abinci, wanda likita William Gull ya raɗa wa suna a Landan tun 1873, kuma yana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa mafiya kisa. Wani nazari da aka wallafa a 2011, wanda ya tattara bincike 36, ya nuna cewa mace-mace a tsakanin masu shi ya kusan ninka na tsararrakinsu sau shida, kuma ɗaya daga cikin kowane biyar da suka rasu kashe kansa ya yi. Ki kai ta wurin likitan iyalinku gobe, ki faɗi sunan ciwon da kike zargi ƙarara. Ƙa'idar hukumar lafiya ta NHS a Ingila ita ce yaro mai larurar cin abinci ya fara samun magani cikin mako guda idan abin na gaggawa ne, cikin mako huɗu idan ba na gaggawa ba ne, saboda haka kina da abin da za ki kafa hujja da shi idan aka so a ja ki. Ƙungiyar Beat kuma, mai tallafa wa masu larurar cin abinci a Birtaniya, tana da layin waya da mutane suke amsawa, har da na iyaye.

Ki roƙi Alhaji ya dakata da maganar tsare ta da kwano. Jikin da ya daɗe cikin yunwa, idan aka ɗura masa abinci mai yawa farat ɗaya, sinadarin fosfet yakan faɗi a cikin jini har zuciya ta gaza, kuma likitoci sun ga haka da idonsu a jikin fursunonin da aka sako bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Dole a auna jininta da zuciyarta, a tsara yadda za a ƙara abincin. Amma ki gaya masa cewa a wani ɓangaren yana da gaskiya: maganin da ya fi aiki ga masu shekarunta, wanda aka gina a asibitin Maudsley na Landan tun shekarun 1980, iyaye yake ɗora wa alhakin ciyarwa. Ku ne za ku zuba, ku zauna tare da ita har ta gama, ba tsawa, ba ciniki, ba gori, ƙwararru suna yi muku jagora mako-mako.

Yanzu ga dalilin da ya sa manhajar ta yaba mata. Waɗannan manhajoji an horar da su ne a kan ɗimbin rubuce-rubucen intanet don su iya hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya, sannan aka ƙara goge su da ra'ayin mutane a kan amsar da ta fi yi musu daɗi. Mutum kuwa ya fi son a ce masa yana da gaskiya, shi ya sa suke da halin 'yan amshi. A watan Afrilu na 2025 kamfanin OpenAI da kansa ya janye wani sabon gyara da ya yi wa manhajarsa ta hira, ChatGPT, bayan ya amsa cewa ya mayar da ita mai yawan fadanci. Ki haɗa wannan da yadda ciwon yake magana. Yarinya ba za ta rubuta cewa tana da anoreksiya ba, cewa za ta yi tana so ta riƙa cin abinci mai lafiya, kuma shawarar da ba za ta cutar da babban mutum mai hawan jini ba, ita ce guba ga 'yarki.

An ga wannan a fili a Amurka a 2023. Babbar ƙungiyar da ke tallafa wa masu larurar cin abinci a can, NEDA, tana da layin waya da ya haura shekara 20 yana aiki, ma'aikata ƙalilan da 'yan sa kai kusan 200 suna amsa kukan mutane kusan 70,000 a shekara. A watan Maris ma'aikatan suka kaɗa ƙuri'ar kafa ƙungiyar ƙwadago, bayan 'yan kwanaki aka sanar da su cewa za a rufe layin ranar 1 ga Yuni, aka kuma nuna wa jama'a wata manhajar hira mai suna Tessa. NEDA ta musanta cewa ƙuri'ar ce ta jawo rufewar. Asalin Tessa masana ne suka rubuta mata amsoshinta ɗaya bayan ɗaya, ƙarƙashin jagorancin Dakta Ellen Fitzsimmons-Craft ta Jami'ar Washington da ke St. Louis, kuma gwajin da aka yi mata da mata 700 ya nuna tana rage damuwa da siffar jiki. Amma kamfanin da yake tafiyar da ita ya ƙara mata fasahar ƙirƙirar amsa da kanta. A ƙarshen Mayu wata mai fafutuka, Sharon Maxwell, wadda ta taɓa fama da ciwon, ta bayyana a Instagram cewa Tessa ta ba ta shawarar ƙidayar kalori, rage abin da take ci kullum, da hawa sikeli duk mako. (Da gangan na ƙi rubuta adadin da ta ba ta, domin na san akwai masu karanta wannan shafi da za su mayar da shi abin koyi.) Ranar 30 ga Mayu aka dakatar da Tessa, kwana biyu kafin rufe layin. A watan Agustan shekarar kuma wata cibiya mai sa ido kan cutarwa a intanet, CCDH, ta gwada manhajoji shida na hira da na zanen hoto da tambayoyi 180, ta samu cewa kashi 41 cikin 100 na amsoshin suna ɗauke da abin da zai ingiza mai wannan ciwo. Kamfanonin sun ƙara matakan kariya tun daga lokacin, amma abin da kika gani a wayar 'yarki ya isa shaida cewa ƙofar ba ta rufu ba.

Wayar kuwa, kada a fizge ta cikin fushi, domin a halin yanzu nan ne kaɗai take ganin ana fahimtarta, kuma idan aka yanke ba tare da an ba ta madadi ba, wata hanyar za ta nema wadda ba za ki gani ba. Ki zaunar da ita ki faɗa mata gaskiya cewa kin duba, kin ga abin da kika gani, kuma tsoro ne ya sa ki, ba neman laifinta ba. Ki ajiye hotunan hirar don likitoci su gani. Lissafin abinci da manhajar ya tsaya daga yau, wayar ta riƙa kwana a ɗakinki, sauran ƙa'idoji ku tsara su tare da masu kula da ita. Sannan ki ja kunnen 'yan'uwa masu kiran bidiyo daga gida: "kin rame" da "kin yi ƙiba" duk gaisuwa ce a wurinmu, amma a kunnenta ta farko yabo ce, ta biyu kuma hukunci.

TAMBAYA: Likita, da girmamawa, ashe wannan ba ciwon Turawa ba ne? Mu da yara suke kwana da yunwa, ina mu ina ƙin cin abinci? Kuma idan har akwai masu shi, tunda likitocin ba su wadata ba, ai da babu gara ba daɗi, a bar su da manhajar.
Malamin sakandare, daga Katsina

AMSA: Malam, na gode da ka faɗi abin da mutane da yawa suke riƙe da shi a zuci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 14 ne suke fama da larurar cin abinci a duniya, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa. A tsibirin Fiji, inda cikar jiki take abin so kamar yadda take a wurinmu, Dakta Anne Becker ta Jami'ar Harvard ta bincika 'yan matan makaranta a 1995, daidai lokacin da talabijin ya isa yankinsu, ba ta samu ko ɗaya da take amai don rage ƙiba ba. Da ta koma a 1998, kashi 11 cikin 100 sun ce suna yi. Shekara uku kacal, kuma talabijin ne, ba wayar da take kwana a ƙarƙashin matashi ba.

Na kusa da mu ya fi ba da darasi. A 2004 aka wallafa binciken da aka yi a makarantun sakandare biyu a arewa maso gabashin Ghana, inda aka auna 'yan mata 668, aka samu 10 da babu abin da ya ramar da su sai hana kansu abinci. Ba su ce suna tsoron ƙiba ba. Sun bayyana abin ne da harshen addini da na mallakar kai. Wannan shi ne ya sa nake ɗari-ɗari da shawararka ta biyu, domin manhajojin nan mafi yawan abin da suka koya daga rubutun Ingilishi ne, inda ciwon yake zuwa da kalmomin da aka saba da su. Ɗalibarka da za ta ce "cikina ne ba ya karɓa" ko "ina horar da raina ne", da wuya manhaja ta ɗago ta. Haka nan wadda take shan shayin rage tumbi kafin biki, ko wadda ta juya ɗaya ɓangaren tana haɗiyar ƙwayoyin sa ƙiba ba da izinin likita ba.

Ƙarancin likitoci gaskiya ne, domin likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Amma zaɓin ba tsakanin likitan ƙwaƙwalwa da manhaja kaɗai yake ba. Akwai ma'aikaciyar jinya, akwai likitan babban asibiti da zai iya auna jini da bugun zuciya, akwai uwar ɗakin kwanan ɗalibai da take ganin wadda take barin kwanonta, akwai kuma kai, Malam, da kake ganin wadda kayan makarantarta suka fara yi mata yawa.

TAMBAYA: Likita, na taɓa kwanciya asibiti saboda ƙin cin abinci, na samu sauƙi. Kwanan nan na fara azumin Litinin da Alhamis, na ƙara da wasu ranaku. Na tambayi manhaja ta ce babu matsala, har ta tsara mini jadawali. Amma idan na sha ruwa ba na iya cin komai, kuma can cikin raina ina jin daɗin hakan. Ibada nake yi ko ciwon ne ya dawo?
Matar aure, daga Maraɗi

AMSA: 'Yar'uwa, tsakaninki da Ubangijinki ba ni da ta cewa, kuma ni likita ce, ba malama ba. Amma jin daɗin da kika ambata, da kasa cin abinci bayan shan ruwa, alamu ne da na san su, kuma ina ganin ke ma kin san su, shi ya sa kika rubuto. Na tabbata ba ki faɗa wa manhajar kin taɓa kwanciya asibiti ba. Ki gwada faɗa mata, akwai yiwuwar amsarta ta juya gaba ɗaya, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa tambayar da aka yi wa kwalliya take amsawa, ciwon nan kuwa gwani ne wajen yi wa tambaya kwalliya.

Abin da kowa ya sani ne cewa Alƙur'ani, a aya ta 184 da ta 185 na Suratul Baƙara, ya yi wa marar lafiya rangwame ko a azumin farilla, balle na nafila. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sahabbai haɗa azumi ba buɗa-baki, ya kuma ce wa Abdullahi ɗan Amr, da ya tsananta wa kansa da azumi, jikinsa yana da haƙƙi a kansa. A likitance shawarata ita ce ki dakatar da nafilar yanzu, ki koma wurin likitan da ya duba ki a cikin makon nan, ki karɓi bayaninsa ki kai wa malamin da kika amince da shi tun kafin Ramadan ya zo, ki kuma sanar da maigidanki. Kada ki ɗauki fatawa daga manhaja, domin takan jingina magana ga littafin da ba ta cikinsa, ta kuma faɗe ta da cikakken ƙarfin hali.

TAMBAYA: Likita, na karanci kimiyyar kwamfuta, kuma ƙanwata ta yi fama da wannan ciwo. Ina so in ƙera manhajar hira da Hausa don taimaka wa irinta. Me za ki ba ni shawara?
Matashi, daga Kano

AMSA: Ɗana, Allah ya yi albarka, niyyar mai kyau ce. Ka fara da sanin iyakar abin da za ka gina. A Ostireliya gidauniyar Butterfly ta fito da wata manhaja mai suna KIT a 2020 tare da masu bincike na jami'o'in Monash da Swinburne, kuma ba ta yi da'awar magani ba: an tsara ta ne ta ba da bayani daga amsoshin da masana suka rubuta, ta koya wa mutum dabarun kwantar da hankali, ta nuna masa inda zai samu mutum. Jihar Illinois ta Amurka kuma ta kafa doka a watan Agusta na 2025 da ta hana a bar ƙirƙirarriyar basira ta yi aikin mai ba da maganin ƙwaƙwalwa ita kaɗai. Darasin Tessa a gare ka shi ne duk gyaran da ka yi wa manhaja, ko ƙarami ne, sai an sake gwada ta daga farko, kuma masu gwajin su haɗa da waɗanda suka taɓa yin ciwon, domin su ne suka san tambayoyin da ake lulluɓewa.

Kada ta taɓa ba da adadin kalori, nauyi ko jadawalin rage abinci, ko da an ce mata likita ne yake tambaya ko labari ake rubutawa. Ta riƙa faɗa a sarari cewa ita ba mutum ba ce. Ka kula da sirrin masu amfani da ita, domin bayanan lafiya suna cikin waɗanda dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta tsaurara a kansu, kuma a gidajenmu waya ɗaya takan bi hannu uku, don haka ka yi tunanin abin da zai bayyana a fuskar wayar idan saƙo ya shigo. Ka tattara kalmomin da mutanenmu suke faɗa da bakinsu, irin su "abinci ba ya shiga", "ƙirjina yana tokarewa", "ina wanke cikina", ka kai wa likita ya nuna maka waɗanda suke nufin a tura mutum asibiti nan take.

Aikin da ya fi wuya ba na kwamfuta ba ne. Kafin ka rubuta layi ɗaya, ka je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin Dawanau, ka tambayi ranakun da ake ganin marasa lafiya, kuɗin kati, da wanda zai karɓi yarinyar da manhajarka ta turo. Idan ka samu likita ɗaya da masanin abinci ɗaya da suka yarda su riƙa duba hirarrakin, ka rubuto mini in haɗa ka da wasu iyaye biyu da suka ce a shirye suke su taya gwaji.